Yadda Ake Yi wa Tagar Gidan Legas Labule, Daga Awo Har Ratayewa

Labulen da aka yi mini jere da shi tun daga Kano ya biyo ni Legas. Karammiski ne ruwan makuba, mai shafi, nauyinsa sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga. Gwaggona ce ta zaɓo shi, kuma a Kano zaɓinta ya yi daidai, don irinsa ne ke tare ƙurar hunturu, ya kashe kaifin ranar bazara. A watan Afrilu aka rataya shi a ɗakinmu na Agege. Kafin Yuli ya fita ɗakin ya ɗauki wani wari irin na tsumman da aka manta a bokiti. Na turara, na sake turarawa, warin yana nan daram. Ranar da na ɗage labulen na leƙa bayansa, sai na tarar fumfuna ta yi masa baƙin zane tun daga ƙasa har tsakiya, zobban ƙarfen sun yi tsatsa sun zubar da jan ruwa a jikin yadin. Na yi kuka ranar, don kayan ɗakina ne, kuma na san irin wahalar da iyayena suka sha kafin su haɗa su.

Daga baya ɗinkin labule ya zama sana'ata, na shiga gidajen 'yan uwanmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende ina awo, kuma kusan duk inda na je abu ɗaya nake tararwa: mun taho da dabarar Arewa mun ɗora wa gidan Legas. A gida ƙura da rana muke karewa. A nan abin da ke cin ɗaki shi ne danshi da rashin iska. Gaskiya ne labule sirrin ɗaki, amma a garin nan labulen kirki shi ne wanda zai rufe miki sirri kuma ya bar ɗakin ya sha iska. Ga yadda nake bi, 'yar uwa, daki-daki.

Ki fara da tagar kafin ki tuna da kasuwa

Ki tsaya gaban kowace taga ki buɗe ta, ki rufe, ki ga ta inda take motsi. Wannan motsin ne zai faɗa miki irin labulen da za ta karɓa.

Tagar luba ita ce ta tsofaffin gidajen haya, musamman masu ɗakuna suna kallon juna da dogon lungu a tsakiya. Gilasai ne masu faɗin tafin hannu a jere kamar haƙarƙari, da ɗan hannu a gefe da ake dannawa su buɗe. Mutane sun raina ta yanzu, ana cewa ta tsufa, amma ni ina ganin girmanta, domin idan kin buɗe ta kusan duk faɗin tagar iska ke shiga, kuma ko ana yayyafi za ki iya karkata gilasan ruwa ya zube waje iska ta ci gaba da shigowa. Aibinta uku ne: ba ta rufuwa ruf, don haka ƙarar titi da hayaƙin janareta suna shigowa, ƙarfen gefenta yana tsatsa, sannan idan an buɗe ta bakin gilasan yana leƙowa cikin ɗaki, ya kama labule ya yage shi. Saboda haka labulen luba sai an ba shi tazara daga bango, kamar inci 4 zuwa 5.

Tagar alminiyom mai ja, wadda ake kira silaidin, ita ce ta cika sababbin gidaje. Ba ta cin wuri, ba ta taɓa labule, kowane irin labule yana zama a kanta. Sai dai ki sani, komai girmanta yawanci rabinta kawai ke buɗewa, don ganye ɗaya yana shigewa bayan ɗaya ne. Tagar da ta riga ta hana ki rabin iska, idan kika ƙara mata labule mai kauri wanda ba ya janyewa gefe sosai, kin gama da ɗakin.

Akwai mai buɗewa kamar ƙofa, kesment. Yawanci waje take buɗewa, raga da bogilari, wato ƙarafan tare ɓarayi, suna daga ciki. Tana buɗewa gaba ɗaya, tana rufuwa gam saboda robar da ke bakinta, shi ya sa masu na'urar sanyaya ɗaki suka fi son ta. Abin lura a nan hannunta ne: dole ki zura hannu ta bayan labule ki kai gare shi kullum, to labulen ya zama mai saurin zugewa. Idan kuma taki ciki take buɗewa, sandar labulen ta wuce tagar sosai ta kowane gefe, yadda ganyen zai buɗe bai ci karo da yadi ba.

Sai wadda ake turawa daga ƙasa ta ɗaga waje kamar rumfa, an fi sa ta a banɗaki da kicin da matakalar bene. Sai kuma tagar katako da ta ƙarfe ta masu walda, waɗanda har yanzu ake samu a tsofaffin unguwanni. Katako yana kumbura da damina ya ƙi rufuwa. Ƙarfe kuwa, duk wanda ke zaune kusa da ruwa, Obalende ko Lekki ko Ajah ko Apapa, ya san yadda iskar gishiri ke cinye shi.

Ina take kallo, wa ke kallonta

Legas kusa take da layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana tana bi ta saman kai ne, don haka tagogin gabas da na yamma su ne ke shan rana kai tsaye. Ta gabas da sauƙi, hantsi ne. Ta yamma ita ce matsala: daga bayan azahar har gab da magariba rana na dukanta, ɗakin ya riƙe zafin har tsakar dare, ga shi wuta ba tabbas. Idan ba ki gane gabas da yamma a gidan ba, ki tuna alƙiblarmu tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, sai ki auna daga nan.

Sannan ki leƙa waje. A Legas gini yana manne da gini, sau da yawa tagarki tana kallon tagar maƙwabci ko barandar bene na gaba. Ga gidan da matan aure da 'yan mata ke zama ba lulluɓi, wannan babbar magana ce. Ki yi gwaji guda: da dare ki kunna fitilar ɗaki, ki sa maigida ko yaro ya fita ya duba me ake gani daga waje. Mutane da yawa ba su san cewa gilashi mai duhu ko mai ɗaukar ido kamar madubi da rana kaɗai yake rufe sirri ba. Da zarar dare ya yi aka kunna fitila a ciki, na waje yana ganin komai tar. Haka ma labule shara-shara.

Gyara kafin ado

Ki shafa bangon da ke ƙarƙashin tagar. Idan fenti ya kumbura, ko ya yi tabo, ko kin ji sanyin laima, ruwa na shiga. Mafi yawan lokaci ta tsakanin firam da bango ne, sai a kira mai alminiyom ya bi shi da silikon. A tagar silaidin akwai 'yan ramuka a ƙasan layin da ganyen ke gudu a kai, aikinsu fitar da ruwan sama waje. Idan datti ya toshe su ruwan ya taru ya malalo ciki. Tsinken tsintsiya ya isa ya buɗe su. Ragar sauro idan ta yage a sauya ta yanzu, don labule ba ya hana sauro, maɓoyarsa ce ma. Bogilari mai tsatsa a kankare shi a shafa jan fentin hana tsatsa sannan a yi masa fenti, in ba haka ba duk iskar da ta kaɗa labule ya goge shi sai ya bar tabon da ba ya fita.

Ina roƙon masu gida da ke da halin sa baki a aikin bogilari: a bar taga ɗaya aƙalla mai ƙaramar ƙofa da kwaɗo, makullin yana rataye kusa inda kowa a gidan ya sani. Allah Ya kiyaye gobara, amma idan ta tare ƙofa, tagar nan ce mafita.

Wanda zai sauya taga gaba ɗaya, a Dopemu kusa da Agege akwai unguwar masu alminiyom, can ake yanka firam da gilashi a haɗa. Idan gidan haya ne, a nemi yardar mai gidan tukuna, a kuma yi magana a kan wanda zai biya.

Wane iri za ki sa

Shawarata ga falo da ɗakin kwana ita ce labule biyu a sanda biyu: shara-shara daga bayan, mai ɗan kauri daga gaba. Da rana ki zuge mai kaurin gefe, shara-sharan ya tsaya yana tace haske iska na wucewa. Da magariba ki saki mai kaurin. Wannan tsarin ya fi labule ɗaya mai shafi da aka ɗinke tare, domin kowanne kina iya cire shi ki wanke shi daban, kuma iska tana ratsa tsakaninsu ta busar da laima.

A wajen yadi, na roba irin foliyesta shi ya fi jure Legas. Ba ya shan ruwa sosai, yana bushewa da wuri, ba ya tsukewa. Auduga tana da daɗin ido da sanyi, amma tana riƙe danshi, tana tsukewa a wankin farko, rana kuma tana cin launinta. Karammiski da sauran masu gashi-gashi ki bar wa ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki kullum, don ita na'urar tana tsotse laimar ɗaki. Akwai yadi mai hana haske gaba ɗaya, bilakawut. Iri biyu ne: mai shafen roba a baya, da wanda aka saƙa baƙin zare a tsakiyarsa. Na biyun nake zaɓa, don mai shafen roba yana ɓarewa bayan 'yan wanki, wani lokaci ya manne da kansa saboda zafi. Bilakawut ya dace da tagar yamma da ɗakin mai aikin dare, irin 'yan uwanmu masu gadi da direbobin manyan motoci da ke barcin rana. Fuskar da ke kallon waje ta zama fara ko mai haske, ita ce ke mayar da zafi. Baƙi ko shuɗi mai duhu tsotse zafin yake ya sake shi cikin ɗaki.

Sai dangin bilain. Duk wadda ta tashi a gidan da ake rataya asabari a ƙofa ta riga ta san dabarar: abu ne da ake saukewa a naɗe, yana tare ido yana barin iska. Akwai na naɗi mai yadi ɗaya sumul. Akwai mai ratsi-ratsi da ake kira dare-da-rana, yadi biyu ne masu layin kauri da layin shara-shara, idan kin ja igiya layukan su haɗu ko su saɓa. Akwai mai siraran faranti a kwance da ake karkatawa, na alminiyom ko katako ko roba, sai kuma mai faranti a tsaye na ofis da asibiti. Bilain yana da kyau a ƙaramin ɗaki, don ba ya cin wuri, kuma ya dace da tagar silaidin. Amma kada ki sa shi a kan luba, gilasan za su tokare shi. Kuma idan tagarki a buɗe take yini, iska za ta riƙa buga sandar ƙasansa da bogilari, ƙwas-ƙwas har ki gaji. Dare-da-rana shi kaɗai bai isa ɗakin kwanan da ke kallon maƙwabta ba, ana ganin inuwar mutum ta gefe da ta tsakanin layukan.

Kicin ba ya son dogon labule ko kaɗan. Ga gas, ga mai, ga iska. Ki sa bilain na alminiyom da ake gogewa da soso, ko ɗan gajeren labule iya rabin taga idan murhu yana nesa. Banɗaki kuwa gilashi mai hazo ko takardar hazo da ake mannawa ta wadatar.

Awo, inda kuɗi ke zubewa

Ki nemi tef na ƙarfe irin na kafinta. Na tela yana lanƙwasa, yana kuma miƙewa idan ya tsufa. Ki auna kowace taga daban ko da a ido girmansu ɗaya, domin magina ba sa fitar da su daidai. Ki rubuta da inci, faɗi tukuna sannan tsawo, ki sa sunan ɗakin a gefe.

Sanda ake fara aunawa, yadi ya biyo baya. Ki auna faɗin tagar, ki ƙara inci 8 ta dama, inci 8 ta hagu. Wannan ƙarin shi ne wurin da labule zai tattaru idan an zuge shi, ya bar tagar fayau. Mutane suna yanke shi don rage kuɗi, sai labule ya zauna a kan kashi ɗaya cikin uku na tagar har abada, iskar da ake nema ta ragu. Idan tagar silaidin ce ko yadin mai kauri ne, ki kai ƙarin inci 10.

Mu ɗauki tagar da ta fi yawa a ɗakunan kwana, ƙafa 4 da ƙafa 4, wato inci 48. Da ƙarin inci 16, sandarki inci 64 ke nan. Yadi kuma sai ya ninka tsawon sanda sau biyu kafin ya yi tattara mai kyau: 64 sau 2, inci 128. Shara-shara ya fi son ninki biyu da rabi, inci 160, don idan bai tattaru sosai ba ba ya rufe komai.

Yanzu tsawo. Ki sa alama inci 6 sama da tagar, nan sanda za ta zauna. Idan kina son ɗakin ya yi kamar ya fi tsayi, ki kai ta kusa da silin, ki bar inci 3 ko 4. Daga alamar ki auna zuwa ƙasa, a wuri uku, dama da tsakiya da hagu, ki ɗauki mafi gajarta, don daɓen gidaje da yawa a karkace yake. Ki cire inci 1. Na san ana yayin labule mai jan ƙasa kamar wutsiyar rigar amarya, amma a Legas ban yarda da shi ba. Tayil yana gumi da damina, ana mofin kullum, bakin labulen ya yini a jiƙe. Idan kuwa kina ƙasan bene a unguwar da ruwa ke shiga gidaje, ki ɗage shi inci 3 ko 4, ko ma ki tsayar da shi inci 6 ƙasa da bakin taga. Haka idan gado ko kujera na jingine a wurin, gajere ya fi.

Ga inda ake rikicewa a kasuwa. Yadin labule faɗi biyu ne. Akwai mai inci 110, wanda ake juya shi, faɗinsa ya zama tsawon labulen, sai ki sayi iya faɗin da kike so kawai. A lissafinmu inci 128 ne, yadi ɗaya kuwa inci 36, ya kama yadi 3 da rabi da 'yan kai. Ki sayi yadi 4 saboda kalmasar gefe. Shara-sharan inci 160, kusan yadi 4 da rabi, ki cika 5 hankalinki ya kwanta. Akwai kuma mai faɗin inci 55 zuwa 60, wanda ake yankawa fale-fale a tsaye. A nan kowane falle sai ya kai tsawon labule da ƙarin inci 12 na kalmasar sama da ƙasa. Idan tsawon labulenki inci 96 ne, falle ɗaya inci 108, yadi 3 cif. Falle biyu yadi 6, zai rufe tagar amma tattarar ba za ta cika ba. Falle uku yadi 9, a raba na ukun biyu a ƙara wa kowane gefe. Kin ga ke nan yadin da aka ce miki ya fi araha yana iya fin tsada idan an gama lissafi. Idan yadin mai manyan furanni ne, ki ƙara yadi ɗaya don tela ya daidaita zanen, kada fure ya fito rabi a sama rabi a ƙasa.

Awon bilain daban ne. Idan a cikin ramin taga zai zauna, ki auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, ki ɗauki mafi ƙanƙanta, ki rage rabin inci. Amma yawancin tagoginmu bogilari ya cinye ramin, don haka a kan bango ake sa shi: ki ƙara inci 3 ta kowane gefe, inci 4 a sama da ƙasa.

Shiga kasuwa

Masu yadin labule da sanduna da zobba sun taru a Yaba, cikin Tejuosho da kewayenta, akwai su kuma a Balogun cikin Eko, da Oshodi. Daga Agege yanzu jirgin ƙasan Red Line, da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa Oshodi da Yaba, ya rage wa mutum azabar go-sulo. Mai ƙaramin ƙarfi kuma kada ta ji kunyar gwanjo. A Gatan Kowa ta Abule Egba ana samun labule masu kyau, sai dai ki je da awonki, ki buɗe kowanne gaba ɗaya ki duba ta inda rana ta ci, don nan ne yake fara yagewa.

Ki tafi da takardar awo, da hoton ɗakin a waya, da ƙyallen kujera ko matashi idan akwai. Fitilar shago tana ƙawata yadi, ki ce a fito miki da shi bakin ƙofa ki gani a hasken rana. Ki ɗaga shi sama ki ga yawan hasken da ke ratsawa, ki kara shi a baki ki hura ki ji ko iska na wucewa. Ki damƙe gefensa a hannu ki saki; wanda ya yamutse nan take haka zai zauna a tagarki. Ki jiƙa farin hankici ki goga, idan ya ɗauko launi to zai zuba. A auna yadin a gabanki, kuma duk na ɗaki ɗaya ya fito daga bandir ɗaya, domin bandir biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta a launi.

Sanda ki ɗauki ta alminiyom ko ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin inci 1 ko fiye. Siririyar nan mai ruwan gwal tana lanƙwasa a tsakiya, damina ɗaya kuma ta dafe. Zobba na roba sun fi na ƙarfe daɗewa a nan. Farashi yana bin dala, na yau daban na gobe daban, ki taya shago uku kafin ki ciro kuɗi.

Wajen tela

Idan auduga ce ko akwai auduga a ciki, ki jiƙa yadin ki shanya kafin a yanka. Ki gaya wa tela irin kan da kike so. Mai zobba a jiki shi ya fi sauƙin zugewa da cirewa, kuma adadin zobban kowane falle ya zama mai rabuwa biyu, 8 ko 10 ko 12, don bakin labulen duka biyu su juya su kalli bango. Mai tattara da ƙugiya yana tafiya da layin da ƙugiyoyin ke gudu a kai, shi ake sa wa a falon da aka yi silin filasta, wato fi-o-fi, da ramin ɓoye labule. Wanda ake zura sanda cikin kalmasa shi ne mafi araha, amma yana da taurin ja, ki bar shi ga tagar da ba a yawan buɗewa. Kalmasar ƙasa ta zama inci 4 ninki biyu, tana ba labule nauyin sauka, kuma ranar da kika koma gida mai dogon bango sai a warware a ƙara tsawo. Ragowar ƙyalle a yi miki maɗauri da shi.

Ki ba tela tsawon da kike so labulen ya kasance bayan an gama, ki faɗa masa a fili daga saman sanda kika auna. Labule mai zobba yana ɗara sanda da kamar inci 1 da rabi, shi zai ƙara wannan.

Ratayewa

Kayan aiki: injin huda bango, fisha (robar da ake cusawa a rami ta riƙe sukurori) da sukurori, fensir, tef, da ma'aunin lebur mai ɗigon ruwa. Kada a buga ƙusa kai tsaye, bulon siminti mai rami ne, ƙusa tana kwancewa cikin wata biyu labule ya faɗo da filasta.

A sa alamar mariƙi na farko, a miƙa sanda da ma'aunin lebur a fitar da na biyu. Kada a auna daga silin ko daga bakin taga a zaci sun miƙe. Kafin a huda, a duba ko akwai soket ko makunnin fitila a sama ko ƙasan wurin, don wayar wuta a miƙe take bi cikin bango. In akwai a kauce, kuma a kashe wutar gidan. Daidai saman taga akwai lintal na kankare da rodi a ciki. Idan injin ya tsaya cak ya ƙi shiga, rodi ya tarar, a matsa sama ko gefe kaɗan. Idan kuma ya faɗa fanko, ramin bulo ne, a sa fisha doguwa. Sandar da ta wuce ƙafa 6 tana buƙatar mariƙi na uku a tsakiya. A bar zobe ɗaya na ƙarshe a bayan mariƙi ta kowane gefe, shi zai riƙe labule kada ya biyo hannu gaba ɗaya idan an ja.

Bayan an rataya, ki jera tattarar da hannu, ki ɗaure ta sako-sako da ƙyalle a wuri uku, ki bar ta kwana biyu. Idan kin kwance za ta zauna a jere. Igiyar bilain kuwa a buga mata ƙugiya can sama a riƙa naɗe ta inda hannun yaro ba ya kai, kuma kada a sa gadon jariri ƙarƙashinta. Igiyar tana iya shaƙe yaro cikin ɗan lokaci, ba tare da an ji motsinsa ba.

Kula da shi

Kowace safiya ki zuge labule ki buɗe taga ko na awa ɗaya ne, har da damina idan ruwa ya tsagaita. Idan feshin ruwa ya taɓa shi, kada ki ɗaure shi a jiƙe, ki baza shi ki kunna fanka. Sau ɗaya a mako ki kakkaɓe shi ki leƙa bayansa, musamman a Yuni da Yuli da ruwa ya fi ƙarfi.

Babban wanki sau biyu a shekara ya isa: ɗaya a ɗan hutun ruwan nan na Agusta, ɗaya a Disamba ko Janairu lokacin da iskar hunturu ke leƙowa Legas shanya na bushewa. Tagar da ke kallon babban titi ko kusa da janareta za ta nemi fiye da haka, shara-sharanta yakan yi baƙi cikin wata uku. Ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, kada a murɗe. Ki mayar da shi kan sanda da sauran ɗan laima a ranar da ake rana, taga a buɗe, nauyinsa zai miƙar da shi ba sai an yi guga ba. Fumfuna idan sabuwa ce, ki fitar da labulen waje ki goge ta da buroshi, ki jiƙa wurin da farin binega da ruwa, sannan ki wanke ki shanya a rana. Bilic na farin shara-shara ne kaɗai, kuma kada ki taɓa haɗa shi da binega, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Turaren wuta kuma, na san ba mai raba mu da shi, labule ma yana riƙe ƙamshinsa fiye da komai a ɗaki. Ki turara bayan wanki, lokacin da yadin ya bushe sarai, don turare a kan laima wari yake komawa. Kaskon ya zauna a tsakiyar ɗaki, taku biyu aƙalla daga labule, ki kashe fanka, kuma kada ki fita ki bar shi. Yadin roba ba ya jiran harshen wuta, tartsatsin gawayi ɗaya ya isa ya huda shi ya narke.